Muryar Yayarku a Tashar 'Yan Kwana-kwana

Duk Sallar da muka taru sai ɗayanku ya tayar da zancen rediyon nan. Kai Sadiku ka ce da Mama ta nemi aikin leƙen asiri da tuni an ba ta kujerar shugaba, ke Maryam ki kama ciki kina dariya, jikokina su zuba mini ido suna neman inda na ɓoye eriya a cikin ɗankwali. Ni ma ina taya ku dariyar, don ba zan ɓata muku tuwon Sallah ba. Amma labarin da kuke bayarwa gurgu ne. Kun ce na yi shekaru ina yi wa yayarku laɓe a wurin aikinta, ta gano, ta yi fushi ta bar gida. Duk an yi haka, ban musa ba. Sai dai a lokacin kuna 'yan sakandare, hankalinku na kan ƙwallo da waya, ƙarar ƙofa kawai kuka ji, ba ku ji abin da aka faɗa kafin a buga ta ba. Yanzu mahaifinku ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara aiko mini da saƙo, gara in rubuta muku abin yadda ya faru.

Rediyon na mahaifinku ne. Kafin mu zo London shi ne mai riƙe da oba-oba a wani gandun daji a ƙasar Bauchi. Yana zaune a ɗan ofis mai rufin kwano, masu gadin daji suna kiransa daga nesa su ce giwaye sun ƙetare kogi, ko an ga sawun mafarauta, ko wuta ta kama ciyawa ta gabas. Da muka zo nan sai ya samu aikin gadin wani ginin ofisoshi a Aldwych, inda babbar dabbar da yake gani ita ce tattabara. Bai taɓa ƙorafi ba. Amma wata Asabar ya dawo daga kasuwar 'yan gwanjo da wata baƙar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, mai doguwar eriya, ya ce sunanta sikana, aikinta ta yi ta bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya har ta kama inda ake magana. Ya ajiye ta a tagar kicin, don flat ɗinmu na Abbey Wood a hawan sama yake, tagar kuma tana kallon dajin da ke kan tudu. Daga ranar muka yi baƙi a kicin. Masu kula da park, wato dajin shan iska na jama'a, su ne ke magana da junansu: itace ya faɗi ya tare hanya, kare ya tsinke yana bin dabbobi, wata agwagwar ruwa ta haɗiye ƙugiyar masunta a tafkin Thamesmead, yara sun cinna wa kwandon shara wuta. Mahaifinku yana cin abinci yana sa musu baki kamar suna jin sa.

"Ba ta nan ake biyo wa dabba ba, malam," in ji shi. "Ka duba iska. Haba, ka duba iska mana!"

"Ai sai ka je ka karɓi aikin," na ce.

"Da sun ba ni, da karen nan bai kai la'asar yana yawo ba."

Yanzu sai in shiga maganar yayarku, kuma za ku lura har nan ban rubuta sunanta ba. Hannu ma yana da kunya irin ta baki. Ita ce 'yar farina, a nan aka haife ta ba da jimawa da zuwanmu ba, aka sa mata sunan kakarku ta wajen uba. Kunya biyu ke nan ta hau kaina, ga sunan suruka ga 'yar fari. A Misau inda na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabon sa. In ya faɗi ya fasa gwiwa sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Ba ƙiyayya ba ce, kuma ban zo nan don in zagi abin da iyayena suka yi ba. Ni kaina 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ban kuma taɓa kwana ina tunanin ba ta so na ba. Me zai sa in yi wannan tunani? Ina da kaka mai ɗaure mini ƙosai a bakin zane, ina da gwaggwanni masu faɗa a kan wadda za ta yi mini kitso, ina da kawu mai ɗora ni a wuya ya kai ni kallon dambe. Na tashi a shagwaɓe fiye da duk ƙannena.

To haka na yi da yayarku. "Ke" nake ce mata, in ina zancenta da wani in ce "yarinyar nan". Mahaifinku ya samu tasa mafitar, yana ce mata Uwata, yana jan kumatunta. Da ku kuka zo kuwa kunya ta riga ta ƙare a kanta. Ina ƙwala muku kira ta taga har maƙwabta Turawa suka haddace sunayenku, ina ɗora ku a cinya ina muku waƙa, ita tana gefe tana kallo. Yarinya ce mai shiru, mai jera takalmanta a bakin ƙofa ba a sa ta ba. Sau ɗaya, tana firamare, ta tsaya a ƙofar kicin da jakar makaranta a baya ta tambaye ni da Turanci ko na manta sunanta ne. Na yi dariya na ce ta je ta cire kayan makaranta. A raina na ce in ta girma za ta gane, tunda ni ma ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

Da ta gama karatu ta samu aiki a ɗakin da ake karɓar kiran gobara, wanda suke ce wa control. Su ne ke ɗaukar waya in mutum ya kira yana ihu, su ne kuma ke tura motocin 'yan kwana-kwana, suna magana da su ta rediyo har a kashe wutar. A kan abinci ta gaya mana. Mahaifinku ya tashi ya rungume ta, ni na ce Allah ya sa albarka na ci gaba da kwashe kwanoni. Banɗaki na shiga na yi kukan murnata, na wanke fuska na fito.

A wancan zamanin rediyon 'yan kwana-kwana a buɗe yake, duk mai irin na'urar nan zai iya kamawa. Wata Lahadi da rana ina yanka alayyahu, sikanar tana ta tsalle daga tasha zuwa tasha, sai ta tsaya a kan muryar mace. Turanci take yi a tsanake, tana ba wata mota sunan titi. Wuƙar ta tsaya a hannuna tun kafin mahaifinku ya ɗago kai.

"Uwata ce," ya ce. "Wallahi Uwata ce! Hajara, kin ji?"

"Na ji dai wata tana magana," na ce.

"Wata?"

Ya dube ni, na duƙufa a kan alayyahu. Washegari kafin ya fita aiki ya daddanna maɓallai, ya ce wai ya gaji da masu bin kare, ya tsayar da na'urar a kan tashar nan, in hayaniyar ta dame ni ga inda ake kashewa, ga kuma inda ake komawa wajen masu park. Sannan ya ce in sani dokar ƙasar nan ba ta yarda mutum ya saurari abin da ba da shi ake yi ba, don haka kada matan Islamiyya su ji, ita ma kada ta sani. Mutumin nan ya san ni fiye da yadda nake son a san ni.

Ban kashe ba. Shekaru na yi ina wanke-wanke da girki da muryar 'yata a taga. Na san ranakun da take kan rediyo, na san ranakun da aka mayar da ita kan waya ba a jin ta, ranakun nan miyata ma ba ta daɗi. Turancina na asibiti ne da kasuwa, amma ban taɓa neman tafinta ba. In ƙaramin abu ne, shara ce ko ƙararrawa ta yi ƙarya, sai ta ɗan ja ƙarshen magana. In babba ne sai ta rage sauri, ta riƙa ajiye kowace kalma daban. Ƙartin maza suna bakin wuta suna haki, su kira ta, ta amsa, ta maimaita musu abin da suka faɗa ba ta yar da ko ɗaya ba, sai ka ji numfashinsu ya daidaita. Na haddace sunayen titunan da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Nakan gane mura na shirin kama ta tun kafin ita ta sani, in dafa farfesu mai citta in ajiye ban ce komai ba, ta ɗauka dacewa ce. Zan faɗa muku a fili: ban taɓa alfahari da wani mahaluƙi kamar yadda na yi da ita a kicin ɗin nan ba. A nan kaɗai nake iya zama da ita son raina ba idon kowa a kaina, har da nata. In na ji makullinta a ƙofa sai in kashe na'urar in tura ta bayan robar gari. Ta shigo ta gaishe ni, in ce, "An dawo? Abinci na nan." Iyakar hirarmu ke nan.

Shekarar da nake son ba ku labarinta an yi zafin da ba a saba ba. Ciyawar park ta bushe ta koma kalar ƙasa kamar ta gida, wuta tana tashi nan da can, tashoshin nan biyu suka zama kamar ɗaya: masu park su hango hayaƙi su kira, jim kaɗan in ji yayarku tana tura mota. Mahaifinku sai ka ce an mayar da shi gandunsa, yana yawo a kicin yana ba da umarnin da ba mai ji. A cikin wannan zafin ne wani Bature da suke wannan saurare tare ya gaya masa an kusa mayar da rediyon 'yan kwana-kwana kan wani sabon tsari mai kulle, wanda ba na'urar da za ta kama. Ya faɗa mini, na ce ai kullum haka ake cewa, na ƙi sa abin a raina.

Wata Laraba bayan azahar aka yi gobara a wani gida mai bene, ba zan faɗi unguwar ba. Tun daga yadda ta fara magana na ajiye ludayi. Ta gaya wa motocin akwai mutum a ciki, yaro ne, yana ɗakin baya na sama, uwar tana waje. Ta maimaita ɗakin. Aka nemi ƙarin motoci ta tura. Na ɗauko carbi na tsaya a bakin taga, ina kallon daji ina yi wa yaron da ban sani ba addu'a. Aka daɗe. Can wani namiji ya ce an fito da shi, ma'aikatan asibiti suna kansa. Aka sake daɗewa, sannan ya dawo da saƙon da ba a so. Aikinta ne ta maimaita duk saƙon da aka ba ta. Ta fara, ta kai tsakiya, sai ta tsaya. Ba wani dogon shiru ba ne, bai wuce a haɗiyi yawu ba, ta ƙarasa da muryarta ta kullum. Na tabbata ko waɗanda ke zaune kusa da ita ba su lura ba. Ni kuwa na zauna a ƙasan kicin.

Ta dawo da yamma rana ba ta faɗi ba tukuna. Ku kuna falo kuna faɗa a kan talabijin. Ta shigo kicin ta gaishe mu, mahaifinku ya ce ya aiki, ta ce, "Fine, Baba." Na zuba mata shinkafa, ta zauna tana juya cokali a ciki. Ina tsaye a bayanta ina kallon wuyanta. Hanya biyu ce a gabana. Ko in yi shiru ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa da yaron nan a ƙirjinta ita kaɗai, ko in yi magana in tona kaina. Ban yi dogon tunani ba.

"Yaron nan na yau," na ce, "kwanansa ne ya ƙare. Kin faɗa musu ɗakin daidai, kin kuma faɗa da wuri. Na ji ki."

Kun san ta, da Turanci take amsawa. Zan mayar muku da Hausa in ban da abin da ya ƙi mayuwa. Ta ajiye cokalin a hankali.

"Kin ji ni a ina?"

Mahaifinku ya sunkuyar da kai. Na miƙa hannu bayan robar gari na jawo na'urar na ajiye a gabanta. Ta san ta, ta sha ganin babanta yana faɗa da masu park a ciki, ba ta taɓa kawo wa ranta tana kama wani abu ban da su ba.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon aikin."

"Mama, this is illegal. Kin san za a iya kora ta in aka ji a gidanmu ake wannan? Gidajen mutane ne fa, 'ya'yan mutane ne."

"Ban taɓa gaya wa kowa ba."

"Ai na san ba ki gaya wa kowa ba. Yaushe kika taɓa gaya wa wani wani abu?"

"Uwata, bi a hankali," in ji mahaifinku. "Mahaifiyarki ce."

"Na sani, Baba, na gani a birth certificate." Ta miƙe ta juyo ta fuskance ni, idanunta sun yi ja. "Ɗakina ga shi nan, daga kicin ɗin nan ana hango ƙofarsa. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabanki. Ba ki taɓa ce mini ya aiki ba, ba ki taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Ashe kina nan kina saurare na kamar labaran duniya. Mutumin da gidansa ke ci da wuta, in na riƙe shi a waya, yakan tambayi sunana ya kira ni da shi. A stranger, Mama. Ke fa?"

Na buɗe baki da niyyar in yi mata bayanin komai, Misau da Inna da kakata, abin da ya fito shi ne, "Ke, ba haka ba ne."

"Ke," ta ce. Ta gyaɗa kai, ta fita. Ƙarar ƙofar da kuka ji ke nan.

Kafin wata ya ƙare ta kama flat a Woolwich. Tana kiran mahaifinku a waya, tana haɗuwa da ku a gari ta saya muku abinci, in za ta zo gida sai ta daidaici lokacin da nake Islamiyya. Kada ku ɗauka waliyyiya ce ke muku rubutu, ni ma na yi fushi. Na ce yarinyar da na goya cikin sanyin ƙasar nan ba mai taya ni, na yi mata magana ɗaya ta tausayi ta mayar mini da wuta. Na ce Turawa sun lalata ta, komai sai an faɗa da baki kamar a kotu. Mahaifinku ya so ya jefar da na'urar, na ce ya ajiye, ai ba ita ta yi laifi ba. Na yi makonni ban taɓa ta ba saboda abin da ta faɗa na aikinta, sannan na koma kunnawa ƙasa-ƙasa, don ita kaɗai ta rage mini. Muryar tana nan yadda take, tsaf, ba abin da ya nuna mai ita ta bar gidan uwarta.

Da sanyi ya shigo, wata safiya na kunna sai shuuu. Na canza batir, na matsar da ita wancan gefen taga, na ja eriyar har ƙarshe. Mahaifinku ya karɓa ya gwada duk tashoshin 'yan kwana-kwana da ya sani, ya ajiye ya ce sun rufe. Masu park suna nan abinsu. Na zauna ina jin wani mutum yana tambayar abokin aikinsa inda aka ajiye makullin ƙofar lambu, sai hawaye. Ba ni da ita a gida, yanzu ba ni da ita a rediyo. Baƙin cikin ranar ya fi na ranar da ta kwashe kayanta.

Mahaifinku ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

"Da hannuna a ciki," ya ce. "Na ga kin kasa zuwa wajenta, na kawo miki ita kicin. Na ɗauka zai sa ki matsa, ashe zama zai sa ki yi." Sannan ya ce, "Ta samu irin aikin nan a Scotland. Bayan sabuwar shekara za ta tafi. Ta ce kada in gaya miki sai ta tafi, ni kuwa ba zan iya ba."

Ranar na sayi katin waya na kira Inna a Misau. Ta tsufa sosai lokacin, sai an riƙe mata waya a kunne. Bayan gaisuwa na ce mata yarinyar nan za ta yi nisa, wai don ban taɓa kiran sunanta ba.

"To ai ba a kira," in ji Inna. "Haka muka taras."

"Haka ne, Inna."

"Da tana ƙarama wa ke goya ta?"

"Ni."

"Ba wannan nake tambaya ba. In ta faɗi kika kau da kai, wa ke ɗaukar ta?"

Na duba kicin ɗin, na duba ɗan lungun da ta koyi tafiya a ciki, mahaifinku yana wurin aiki, maƙwabta ƙofarsu a rufe.

"Ba kowa, Inna. Mu kaɗai ne a bene."

Sannan ta ce, "Ni in na kau da kai, ina leƙe ta kafar zana sai na ga an ɗauke ki, sannan in koma kan turmina. Gida cike yake da hannuwa. Ke kin kau da kai a ɗakin da ba kowa."

"To yaya zan yi?"

"Ni bakina ba zai ce ki kira ba. In kin yi, kada ki ba ni labari."

Ban taɓa sanin tana leƙe ba sai ranar. Da na ji haka wani abu ya taso mini da ban san yana nan ba. Na so in ce, Inna, ni fa, ko sau ɗaya? Ban tambaya ba, ita ma har ta rasu ba ta kira ba. Wannan shi ne abin da shekarar nan ta ci mini, kuma ban taɓa gaya wa ko mahaifinku ba. Kafin ita shirun Inna bai taɓa yi mini ciwo ba, bayanta kuwa har yau yana yi.

Kun san yayarku ta tafi Scotland duk da haka, can ta yi aure, can take har yanzu. Ba don in hana ta tafiya na je ba, aiki ne ta samu kuma ta cancanta. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ta hau jirgi tana ɗauke da tunanin uwarta ba ta son ta. Ranar Asabar da hantsi na karɓi lambar flat ɗin a wajen mahaifinku. Ya ɗauko rigar sanyi zai raka ni, na ce ya zauna. Na hau bas zuwa Woolwich ana yayyafi, duk hanya ina gwada sunan a cikin baki ba sauti, kamar mai tauna goro. Sunan surukata ne fa, matar da nake durƙusa wa har ƙasa in gaishe ta, wadda ko a bayan idonta ban taɓa ambata ba.

Dogon gini ne mai ƙofar gilashi, irin wanda sai ka danna lamba a bango na ciki ya amsa ya buɗe maka. Na danna. Ta ɗauka.

"Hello?"

"Ni ce."

Sannan ta yi magana da Hausa, Hausar nan tata mai ɗingishi da ba ta cika fito da ita ba.

"Na san ke ce, Mama. Wa kike nema?"

Na tsaya ina kallon 'yan ramukan da muryar ke fitowa, ruwa na sauka a kan mayafina. Wata Baturiya ta zo da keken jariri ta tsaya a bayana tana laluben makulli. Na ji kunya kamar an kwance mini zane a kasuwa. Na rufe ido, na tattara duk ƙarfina, na faɗa. Ba amsa. Ashe na'urar ta riga ta katse, irinsu ba sa jiran mai nauyin baki. Sunan da na riƙe kusan shekara talatin, bango na faɗa wa.

Baturiyar ta buɗe ƙofa ta tura kekenta, ta tare mini ƙofar da ƙafa.

"You coming in, love?"

Ga ƙofa a buɗe. Zan iya shiga in hau bene in ƙwanƙwasa, in ce ai na faɗa na'ura ce ta katse, kuma ba ƙarya na yi ba. Na san kuwa in na shiga ta haka, zan zauna in sha shayi in tambaye ta ko tana da rigar sanyi mai kauri, in taso ban faɗa ba har abada. Na ce wa matar na gode, ta wuce. Ƙofar ta koma ta rufe. Na sake danna lambar.

"Ya katse," ta ce. "Ban ji komai ba."

"Ramatu," na ce. "Ramatu nake nema. 'Yata ce."

Na jira ƙarar buɗe ƙofa, ba ta zo ba. Na'urar ta sake yin ɗif. Na tsaya a cikin ruwan ina ce wa kaina shi ke nan, Hajara, kin makara, ki nemi bas ɗinki. Har na gyara mayafi zan juya, sai na hango ta ta cikin gilashi tana saukowa daga bene da gudu, ba takalmi, ba ɗankwali, babbar mace mai tura motocin gari guda. Ta fizgi ƙofar ta tsaya a gabana tana haki.

"Na'am," ta ce.